Babi na Bakwai: Cinikin Ƙwaƙwalwa a New Bell

Da wuya a yi wa Bahaushen New Bell wayo a kan kaya. Mai sayen goro sai ya buɗe ganye, ya ɓare ɗaya ya ɗanɗana kafin a fara maganar kuɗi. Mahauci yakan duba haƙoran sa, ya shafa tozo, ya zagaya ta baya. Hajiyar da ta je sayen atamfa a kasuwar Congo takan murza bakin zanen a tsakanin yatsunta, nan take ta gane ko yadin ne mai nauyi ko sitati ne ya riƙe shi.

Wannan ido gado ne, domin ita kanta unguwar fatauci ne ya raya ta. Jamusawa ne suka yanke filin kafin yaƙin duniya na farko, da nufin kwashe ’yan ƙabilar Duwala daga bakin kogin Wouri su mayar da su can bayan gari. Sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Masu garin ba su rungumi sabon wurin ba, sai baƙi suka cika shi: Hausawa, da Bamileke, da Bassa, da mutanen Najeriya da Dahome da Senegal. Wanda ya zo baƙo ba shi da gona, jarinsa sanin kaya da sanin mutane. A kan wannan Hausawa suka kafa unguwarsu da masallatansu, suka riƙe goro da shanu da tsire da kilishi.

Sai dai yanzu akwai haja guda da ta fi ƙarfin wannan idon. Ba a ɗanɗana ta, ba a murza ta. Ita ce alkawarin gyara abin da ke cikin kai. Kwalba ce ko garin shayi ko darasi a waya, ana sayar da shi da sunayen da shekaru kaɗan baya sai likita ne ke furta su: dofamin, sirotonin, oksitosin. Abin da wannan babi zai nuna shi ne, a mafi yawan lokuta kayan da aka fi ambaton waɗannan sinadarai a kansu ba sa ko isa ƙwaƙwalwa, kayan da kuwa suke isa da gaske, masu su ba sa ambaton sinadarin ko sau ɗaya.

Ɗakin gwaji

Abin yakan fara ne da gayyata daga na gida, don da ɗan gari akan ci gari. ’Yar ɗan’uwa ce ta shiga ɗaya daga cikin kamfanonin nan da ake hawa mataki ta hanyar kawo mutane, ta zo ta ce, “Gwaggo, ana gwajin lafiya kyauta yau, ki zo mu je.” Ɗakin a saman bene yake, da fanka da kujerun roba, an manna hoton ƙwaƙwalwa mai launi-launi a bango. Saurayi ne sanye da farar riga ta likita, gabansa kwamfuta, an haɗa ta da wani ɗan akwati mai igiya, a bakin igiyar akwai sandar ƙarfe kamar maƙunnin tocila.

“Hajiya, riƙe wannan da hannun dama, kada ki yi magana.”

Minti ɗaya bai cika ba shafuka suka bayyana, layi kore, layi ɗorawa, layi ja. Ya girgiza kai. Ya tambaye ta ko tana mantuwa, ko barci na yanke mata cikin dare, ko takan ji ranta ya ɓaci haka kawai. Wace uwa ce mai shekara hamsin, mai kasuwa da jikoki, a zafin Duwala, za ta ce a’a?

“Kin gani, Hajiya? Sirotonin ɗinki ya yi ƙasa sosai, dofamin ma ya fara raguwa. Gara da kika zo da wuri.”

“To ɗana, akwai magani?”

Magani kuwa yana cikin kabad a bayansa. Hajiyar da takan shafe rabin awa tana ja-in-ja a kan sefa 500 ta zaro kuɗin cefanen mako guda ta miƙa, ba tayi, ba albarka.

Babu wata na’ura a duniya da ke auna sinadaran ƙwaƙwalwa ta tafin hannu. Ko a manyan asibitocin Turai, likita ba ya da gwajin yau da kullum da zai ce ga yawan sirotonin da ke cikin kan majinyaci. Masu bincike sukan kusanci amsar ne da injuna masu tsadar gaske, da allurar wani sinadari mai haske, su ma ɗin kintace suke yi daga alamu. Akwatin saman benen shekaru da tsawo da nauyin da aka shigar masa yake juyawa ya fito da shafi. Abin lura a nan shi ne inda cinikin ya mutu. Da saurayin ya ce mata jikinta ne ya gaji, da ta ce ta sani, ta tashi. Sunan sinadarin ne ya fitar da maganar daga fagen da take da ta cewa.

Abin da ya sa kalmar ke cin mutane

Kada a ɗauka rashin boko ne. A shekarar 2008 Deena Weisberg da abokan aikinta a Jami’ar Yale ta Amurka sun wallafa wani gwaji mai sauƙi. Sun rubuta bayanai a kan wasu halayen ɗan’adam, wasu masu ma’ana, wasu kuma zagaye kawai, ana maimaita tambayar a matsayin amsa. Sai suka ɗauki rabi suka cusa musu jimla guda da ke ambaton wani sashe na ƙwaƙwalwa, jimlar da ba ta ƙara komai a kan hujjar ba. Mutane suka fi gamsuwa da bayanin banza matuƙar an ambaci ƙwaƙwalwa a ciki. Har ɗaliban da suke karatun fannin a jami’a sun faɗa. Ƙwararru ne kaɗai suka tsira.

’Yan talla sun riga masana gane wannan. A 2011 Martin Lindstrom, mai ba kamfanoni shawara kan talla, ya rubuta a jaridar New York Times cewa mutane son wayarsu ta iPhone suke yi, so na haƙiƙa, domin hoton ƙwaƙwalwa ya nuna wani sashe mai suna insula yana motsawa idan wayar ta yi ƙara. Masana fiye da 40 suka sa hannu a takardar raddi. Hujjarsu ita ce, wannan sashen yana motsawa a kusan kashi ɗaya cikin uku na duk binciken hoton ƙwaƙwalwa, har da lokacin ƙyama da jin zafi. Amma labarin son waya ya zagaya duniya, raddin kuwa bai yi nisa ba.

Mai bincike Molly Crockett ma ta ga yadda ake yi da aikin mutum. A 2008 ta nuna cewa idan aka rage wa mutane wani sinadarin abinci da jiki ke haɗa sirotonin da shi, sukan fi saurin ƙin rabon da suka ga ba adalci a ciki. Jaridu suka juya shi ya koma cewa cin cuku yana sa a yanke shawara mai kyau, alhali babu cuku a bincikenta ko kaɗan. Hanyar kullum ɗaya ce: bincike ƙarami mai sharuɗɗa, sai kanun labari ya zubar da sharuɗɗan, sai kwalba ta ɗauki kanun. Kafin ya iso saƙon murya a WhatsApp na matan unguwa, ya zama hukunci.

Dofamin, kamar yadda yake

A cikin kan mutum akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma suna aika wa juna saƙo ne da sinadarai. Dofamin ɗaya ne daga ciki. Arvid Carlsson, ɗan ƙasar Suwidin, shi ya tabbatar da aikinsa a ƙarshen shekarun 1950, aka ba shi kyautar Nobel a 2000. Abin da ya fara bayyana game da shi ba daɗi ba ne, motsi ne. Idan ƙwayoyin da ke samar da shi suka mutu, sai cutar Parkinson ta kama mutum: hannu na karkarwa, jiki ya sandare, tafiya ta zama ja.

Laƙabin “sinadarin daɗi” daga baya ya zo, kuma bincike ya rage masa ƙarfi. Wolfram Schultz ya yi shekaru yana sauraron ƙwayoyin dofamin a kan birai. Idan aka ɗiga wa biri ruwan ’ya’yan itace ba zato, ƙwayoyin sukan tashi. Idan aka saba kunna fitila kafin ruwan, sai tashin ya koma kan fitilar, ruwan kansa ya daina tayar da su. Idan fitila ta kunnu ruwa bai zo ba, sai su yi ƙasa da yadda suke. Kamar yaro ne da tsarabar mahaifinsa: ranar farko da alewa ta fito daga aljihu ita ce ranar tsalle, daga baya ƙarar babur a ƙofar gida ce ke sa shi tsallen, ranar da baba ya shigo hannu biyu kuwa har kuka. Dofamin yana auna tazarar da ke tsakanin abin da aka zata da abin da aka samu, jiki ya koyi inda zai sake nema.

Kent Berridge na Jami’ar Michigan ya ƙara rarrabewa. Ɓerayen da aka kashe musu dofamin, in an ɗiga musu sukari a baki sukan lashe baki irin na mai jin daɗi, amma ba za su tashi su nemi abincin da ke gabansu ba. Ke nan nema daban, jin daɗi daban, dofamin kuma na ɓangaren nema ne. Wanda ya ce zai ƙara maka shi domin ka yi farin ciki bai ma san aikin abin da yake tallatawa ba.

Akwai kuma shinge. Jijiyoyin jinin da ke ratsa ƙwaƙwalwa suna da matsi na musamman, ba kowane abu suke bari ya wuce ba, kuma dofamin da sirotonin na cikin waɗanda ba sa wucewa. Ayaba na ɗauke da su duka biyun, gaskiya ne, amma wanda ya ci ayaba a cikinsa suka tsaya. Shi ya sa likita ba ya ba mai cutar Parkinson dofamin, sai maganin lebodofa, wanda ke ƙetare shingen sannan ya rikiɗa a ciki. Wannan sinadarin akwai shi a cikin ’ya’yan karara, kuma ana niƙa su a zuba a kwalba a sayar. Nan kam abin yana isa. To amma maganin da likita ke aunawa da miligiram, yana sa ido kan tashin zuciya da jiri da ruɗewa, shi ne ake ɗiba da cokali ba tare da sanin ƙarfinsa ba, ga kuma mutumin da ba shi da cutar tun farko.

Manyan kamfanoni ne suka buɗe hanya

Saurayin saman bene almajiri ne a wannan sana’a. Bayan Amurka ta amince da maganin Prozac a 1987, kamfanonin magungunan ciwon damuwa sun yi shekaru suna gaya wa jama’a cewa ciwon rashin daidaiton sinadari ne a ƙwaƙwalwa, sirotonin ya yi ƙasa, ƙwaya kuma za ta mayar da shi daidai. Amurka da New Zealand ne ƙasashen da doka ta bari a tallata irin waɗannan magunguna kai tsaye ga jama’a, don haka zancen ya shiga talabijin da zanen ’yan ƙwallaye suna tsalle tsakanin jijiyoyi. A 2005 Jeffrey Lacasse da Jonathan Leo suka jera abin da tallan ke cewa kusa da abin da bincike ya tabbatar, aka ga ba su haɗu ba. A 2022 Joanna Moncrieff da abokan aikinta a Landan suka tattara binciken shekaru da dama, suka ce babu daidaitacciyar hujja cewa ƙarancin sirotonin ne ke jawo ciwon. An yi musu raddi kan hanyar da suka bi, amma hatta masu raddin ba su kare tsohon tallan ba.

A nan sai an yi hattara. Ciwon damuwa ciwo ne na gaske, yana kwantar da mutum, yana kisa. Magungunan suna taimakon mutane da yawa, kuma wanda likita ya ɗora a kansu kada ya daina da kansa, domin yankewa farat ɗaya na da illa. Abin da ya faɗi shi ne gajeren labarin da aka sayar da su da shi. Kimanin kashi 90 cikin ɗari na sirotonin ɗin jiki ma a hanji yake. Labarin dai ya fi maganin tafiya: ya bar Amurka, ya shiga Faransanci, ya sauka Duwala a bakin mutanen da ba su taɓa riƙe maganin ba.

Amana a cikin kwalba

Ungozoma da ma’aikatan ɗakin haihuwa sun san oksitosin tun kafin ’yan talla su ji sunansa. Shi ne allurar da ke ƙara naƙuda, take tsayar da jini bayan haihuwa, kuma ta ceci mata ba adadi. Sabon sunansa na sinadarin amana ya samo asali ne a 2005, lokacin da masu bincike a Zurich suka wallafa wani gwaji a mujallar Nature. An shaƙa wa ɗalibai maza sinadarin ta hanci, aka sa su wasan damƙa kuɗi ga baƙo. Cikin 29 da suka shaƙa, 13 sun damƙa duka, cikin 29 da suka shaƙi ruwan banza kuwa, 6 ne suka yi haka. Ba a jima ba wani kamfani a Amurka ya fito da feshi mai suna Liquid Trust, wai ka fesa a riga kafin ka shiga ciniki ko neman aure. Ɗaya daga cikin marubutan, Paul Zak, ya yi littafi a 2012 yana kiran oksitosin tushen kyawun hali.

Sai bincike ya ci gaba. Carsten De Dreu a Amsterdam ya samu cewa sinadarin na iya ƙara wa mutum fifita nasa a kan bare. A 2020 aka maimaita gwajin Zurich da mutum fiye da 600, cikin masu maimaitawar har da ɗaya daga cikin marubutan farko, ba a ga tasirin da aka yi ta yayatawa ba. Amma kalmar ta riga ta shiga kasuwa. Yau mai kayan mata da a da take cewa haɗinta na mallaka ne ko na farin jini, ta koma cewa yana tayar da “homon ɗin soyayya”. Garin bai canza ba, farashin ne ya canza.

Mutanen zango sun fi kowa sanin yadda amana ke samuwa. Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan ya wallafa littafinsa a 1969, ya bayyana yadda ake ba mahauta shanu bashi ba tare da takarda ba: maigida ne ke saukar da fatake, ya tsaya musu, dillalansa sun san wane mahauci ne ke biya, wane ne ke kwana da kuɗin mutane. Irin wannan tsari ne ya riƙe fatauci daga Arewa zuwa bakin teku. Amana shekaru ce ta biyan bashi a kan lokaci, da sallah a sahu ɗaya, da sanin cewa in ka ci kuɗin wani gobe duk unguwa ta ji. Kamfanonin kawo-mutane wannan tsohuwar dukiya suke haƙa. Gwaggo ba don hoton bango ta hau benen ba, don ’yar ɗan’uwanta ta hau.

Masu aiki shiru

A gefen babbar kasuwar Duwala akwai wurin da ake kira Gazon, inda ake baje magunguna a kan tebur da cikin kwali, rana na dukansu. Nan da sauran teburan bakin titi babu mai yi maka lacca kan jijiyoyi. Ɗan bensikin, wato ɗan acaɓa, da ya fito tun asuba, ko mai turin kaya, zai tsaya ya ce a ba shi na ƙarfi, a ɓalle masa ƙwaya biyu daga kati, ya kora da kofi. Tiramol ke nan. Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya fito da shi kasuwa a 1977 don rage zafin ciwo. Dangin ofiyom ne, kuma yana hana jijiyoyi kwashe sirotonin da noradirenalin bayan sun fito. Wato abin da kwalbar saman bene ke alkawari a ƙarya, wannan yana yin sa da gaske. A asibiti ƙwayar miligiram 50 ce ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini. A titi akwai ta 225, wani ya haɗiye uku kafin azahar. Sakamakon shi ne farfaɗiya a kan babur, da kamu, da ranar da in ba a sha ba jiki ya ƙi tashi.

Yawan shan sa a Kamaru har ya ruɗi masana. A 2013 wasu masu bincike daga Grenoble ta Faransa da abokansu ’yan Kamaru suka ba da sanarwar cewa sun samu tiramol a cikin saiwar tafashiya, itacen da Hausawa suka daɗe suna magani da shi. Labarin ya yi daɗin ji: ga maganin Bature ashe Allah ya halitta shi a daji. Shekara guda bayan haka ƙungiyar Michael Spiteller ta Dortmund ta bi sawu. Ta samu sinadarin a saiwoyin Arewa mai nisa kawai, babu shi a na Kudu, kuma akwai shi a ƙasa da ruwa da saiwar wasu itatuwa dabam. Manoma ne ke sha, suna kuma ba shanun huɗa don su jure rana, fitsari da kashin shanun suka shayar da ƙasa.

Na biyu a masu aiki shiru shi ne rumfar cacar ƙwallo, wadda yanzu ta koma cikin waya, ana zuba kuɗi ta MoMo ko Orange Money. Allonta ba ya cewa komai game da dofamin, hoton ɗan wasa ne da lambobi. Amma a 2003 ɗakin binciken Schultz ya nuna cewa ƙwayoyin nan sun fi ɗaukar zafi lokacin jira idan samu da rashi suka yi kunnen doki. Luke Clark a Cambridge ya nuna a 2009 cewa faɗuwar da ta yi kusa da ci tana motsa sassan da ci ke motsawa, tana kuma ƙara sha’awar sake bugawa. Duk wanda ya ji saurayi na cewa wasa ɗaya ne ya kashe masa tikiti cikin goma, ya ga wannan da idonsa. Likitoci ma sun shaida cewa wasu masu cutar Parkinson da aka ba magungunan da ke kwaikwayon dofamin sun faɗa caca, mutanen da ba su taɓa yi ba, da aka rage maganin kuma suka bari.

Waya ita ce ta uku. Sean Parker, shugaban Facebook na farko, ya faɗa a 2017 cewa da gangan aka tsara shafin ya riƙa ba mutum ɗan lada lokaci-lokaci don ya dawo. Bayan ya bar kamfanin ya faɗa, ba a cikin talla ba. Daga nan ma wata kasuwar ta tsiro, ta masu sayar da darasin “azumin dofamin”, duk da cewa Cameron Sepah, wanda ya yaɗa sunan a 2019, ya ce shi rage ɗabi’a yake nufi, ba rage sinadari ba. Ba a azumin abin da jiki ke buƙata don ɗaga hannu.

“Ai ni ya yi mini aiki”

Wannan ita ce amsar da ke rufe bakin mai gardama, kuma sau da yawa mai faɗin ta ba ƙarya yake yi ba. A 2001 masu bincike a Vancouver ta Kanada sun nuna cewa allurar ruwan gishiri, in majinyacin Parkinson ya ɗauka magani ce, tana sa ƙwaƙwalwarsa ta saki dofamin. A 2015 Alberto Espay a Cincinnati ya yi wa majinyata 12 allurar ruwan gishiri iri ɗaya sau biyu, ya ce musu ɗaya ta dala 100 ce, ɗaya ta dala 1,500. Wadda aka ce mai tsada ce ta fi sassauta musu jiki. Mu da muka tashi da jin cewa araha ba ta ado, sai mu lura: tsadar kwalbar da farar rigar da jan layin kwamfutar su ne maganin. Sauƙin da Hajiya ta ji nata ne, daga cikin kanta ya fito, an dai sayar mata da shi.

Da a nan abin ya tsaya, da sai a ce asarar kuɗi ce kawai. Amma mantuwa da rashin barci da kasala alamu ne da hawan jini ke zuwa da su, da ciwon suga, da ƙarancin jini, da ciwon damuwa na gaske. Sa rai yana sassauta yadda mutum ke ji, ba ya sauke hawan jini. Watannin da aka yi ana shan kwalba watanni ne da ba a je an ɗaura abin awo a hannu ba, alhali asibitin gunduma na New Bell na nan cikin unguwa, asibitin Laquintinie kuma na da sashen masu taɓin hankali da damuwa.

Mai saye ba ya buƙatar digiri kafin ya kare kansa. Ya cire sunan sinadarin daga maganar mai talla, ya ga abin da ya rage. In ya rage cewa garin zogale ne da zuma, to a yi cinikinsa a kan farashin zogale da zuma. Ya tambaya a kan wa aka gwada, mutum ko ɓera, mutum nawa, wa ya biya kuɗin gwajin. Ya tambaya ko wanda ya gano ciwon shi ne mai sayar da maganin, in kuwa shi ne, a nemi wani ya duba. Sannan ya fi sa ido a kan teburin da ba a yi masa bayani ba da allon da bai yi masa alkawarin lafiya ba, domin su ne suka san hanyar shiga kan ɗansa. Babi na gaba zai bi katin tiramol daga masana’anta har zuwa wannan teburin.